A Auna Filin Kujama Tun Birni Bai Iso Ba

Duk ɗan Arewa da ke zaune a Ikko ko Badun ko Fatakwal ya san zafin kuɗin haya. Mai gida ya ce sai na shekara guda a dunƙule, ɗan kamasho ya karɓi nasa, mai rubuta takardar yarjejeniya shi ma ya karɓi nasa, sa'an nan a miƙa wa mutum makullin ɗaki ɗaya a gidan da iyali goma ke tarayya a kan makewayi guda. Saboda haka akawun da ke Apapa, da direban tanka, da mai sayar da goro a Agege, da kofur ɗin da ke barikin Obalende, burinsu ɗaya ne, wato su sami inda za su kafa nasu ginin a gida, don ranar da ƙarfi ya ƙare. Waɗannan su ne masu matsakaicin samu na ƙasa-ƙasa. Sun fi ƙarfin a ba su sadaka, amma ba su kai su shiga banki a miƙe musu tsaye ba. A kansu ne maganarmu ta yau take, kuma za mu ɗauki garin Kujama na Jihar Kaduna mu yi misali da shi.

Da farko ya kamata mu tuna cewa gwamnatocin ƙasar nan sun daɗe suna alkawarin gidaje. A 1973 aka kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya. A cikin Tsarin Raya Ƙasa na Uku, daga 1975 zuwa 1980, an ƙudura gina gidaje 202,000, amma abin da aka gama bai kai kashi 15 cikin ɗari ba. Da Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki a 1979, jam'iyyarsa ta NPN, mai alamar gida da masara, ta ce za a riƙa gina gidaje 40,000 kowace shekara, wato 2,000 a kowace jiha daga jihohi 19 na lokacin, har da Abuja. Ya zuwa tsakiyar 1983 abin da aka kammala wajen 32,000 ne. Su ne ake kira Shagari Kwatas a garuruwa da yawa, kuma akwai su a Barnawa cikin Kaduna.

Niyya dai ta alheri ce, kuma waɗanda suka dace da gidajen nan har gobe suna sa albarka. To, me ya hana aikin kaiwa inda aka nufa? Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamnan jiha, saboda haka sai inda gwamna ya nuna Gwamnatin Tarayya za ta yi gini. A jihohin da ake jayayyar siyasa sai aka riƙa nuna mata bayan gari, inda babu hanya, babu famfo, babu kasuwa. Bugu da ƙari an ɗauki zanen gida iri ɗaya aka shimfiɗa shi daga Sakkwato har Kalaba, ba a kula da cewa Bahaushe yana son zaure da tsakar gida da katanga ba. 'Yan kwangila kuwa da yawansu suka karɓi kuɗi suka bar kango. A wannan lokaci ne Alhaji Lateef Jakande, gwamnan Ikko, ya gina dubban gidaje a Amuwo-Odofin da Iponri da Isolo da Abesan, mutane kuwa suka cika su. Abin da ya taimake shi shi ne ƙasar tana hannunsa, ya kuma haɗa gidajen da makarantu da hanyoyin zuwa wurin aiki. Wannan darasi ne da mazauna Ikko daga cikinmu suke gani da idonsu kullum.

Sai kuma maganar kuɗi. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ake yanke wa ma'aikaci kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashinsa kowane wata, da nufin in ya buƙata Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ya ba shi rance a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari, ya biya har cikin shekara 30. A takarda babu rance mai sauƙin wannan a Nijeriya. Amma mu yi lissafi. Idan gida ya kai Naira miliyan 10, wanda ya ci rancen zai riƙa biyan kimanin N60,000 kowane wata har shekara 30. Masu ba da rance kuwa ba su yarda biyan ya wuce sulusin abin da mutum ke samu ba. Ke nan sai mai ɗaukar N180,000 a wata zai tinkari wannan gida. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 kuwa N70,000 ne, kuma a farkon shekarar 2024 buhun siminti ya haura N10,000 a wurare da dama. Ashe malamin firamare da ma'aikaciyar asibiti da ƙaramin akawu suna zuba kuɗi a asusun da gidansa ya fi ƙarfin aljihunsu. Duk gidan da gwamnati ta gama shi tsaf, da fenti da tayil, ta sa masa farashi, to wanda ya riga ya mallaki gida biyu ne zai saye shi, ya kuma ba talaka haya.

Alhali kuwa mutanenmu sun san gini. Tun kaka da kakanni Bahaushe da Bagwari da Bajju da Katab ba su jiran a gama musu gida. Mutum ya sami fili, ya kewaye shi, ya tayar da ɗaki ɗaya ya shiga, baɗi ya ƙara ciki da falo, in yaro ya isa aure a yanka masa sashensa. Wanda ke Kurmi haka yake aiko da kuɗin bulo ɗari biyu yau, na kwano bandir guda gobe, har gida ya tashi. Abin da mutum ɗaya ba zai iya yi wa kansa ba shi ne hanya, da lambatu, da kwalbati, da bututun ruwa, da turakun lantarki, da takardar mallaka wadda ba mai tayar masa da ita. Nan ne aikin gwamnati yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci.

Ga dalilin da ya sa muka ambaci Kujama. Ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Chikun, tana kan hanyar da ta tashi daga Kaduna ta bi ta Kaciya zuwa Zonkwa da Kafancan. A ƙidayar 2006 an sami mutum fiye da 360,000 a Chikun, kuma mafi yawansu a unguwannin da birnin Kaduna ya tumbatsa ya haifar suke, irin su Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi da Gonin Gora. Tun da aka buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980 gine-gine ke bin wannan hanya, sun wuce Sabon Tasha, sun kai Mararrabar Rido, suna fuskantar Kujama. Wanda ya shiga lungunan waɗannan unguwanni da damina ya san yadda aka yi su. Mai gona ya yanka gonarsa ya sayar, mai saye ya yi gini har bakin iyaka, ba a bar wa mota hanya ba, ba a bar wa ruwan sama mafita ba, ba a ware filin makaranta ko na asibiti ba. Bayan shekara ashirin hukuma ta zo da jan fenti da katafila ta ce an yi gini ba bisa ƙa'ida ba. Kaduna ba ta rasa tsari a takarda ba, domin tun 1967 kamfanin Max Lock ya zana mata tsarin da ya hango har 2017. Ƙafar jama'a ce ta riga safiyo isa wurin.

A kewayen Kujama har yanzu da sauran sarari, kuma Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Shawararmu ga Gwamnatin Jihar Kaduna da ta Tarayya ita ce su haɗa kai su keɓe fili mai faɗi a wannan yanki, a auna shi, a fitar da tituna a zuba musu tsakuwa, a haƙa lambatu, a ja ruwa da wuta, a ware wurin makaranta da asibiti da kasuwa da tasha da ofishin 'yan sanda, sa'an nan a yanka fuloti-fuloti a sayar wa masu ƙaramin ƙarfi, kowanne da takardarsa daga hukumar KADGIS, a riƙa biya sannu a hankali. Kuɗin da zai gina wa mutum ɗari gida zai gyara wa mutane ninkin-ba-ninkin haka fuloti. Wannan ba baƙon abu ba ne. An yi irinsa a Makama ta Bauchi da rancen Bankin Duniya wajen 1980, kuma a 1986 Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin gyara filaye irin wannan na ƙasa baki ɗaya. Rancen Asusun Gidaje kuma a riƙa ba da shi kashi-kashi, na harsashi daban, na rufi daban, tare da tanadin hanyar da babu kuɗin ruwa a cikinta saboda ɗimbin jama'ar da addininsu ya hana su ci ko bayarwa.

Lalle akwai wuraren da za a iya yin tuntuɓe, kuma gara a faɗe su tun yanzu. Na farko shi ne haƙƙin masu ƙasa. Filayen nan gonakin Gbagyi ne da maƙwabtansu, kuma dokar 1978 diyyar amfanin gona da itatuwa da gini kawai ta tanada, ba ta ƙasar kanta ba. In aka ba manomi kuɗin dawar shekara ɗaya aka karɓe gonar kakansa, an shuka gaba ke nan. Adalci shi ne a ba masu gonaki wani kaso na fulotan da aka gyara, su ma su ci ribar birnin da ya zo musu.

Na biyu shi ne manyan mutane. Mun sha ganin an yi rabo da sunan talaka, takardu kuwa suka ƙare a aljihun masu riƙe da muƙamai da 'yan'uwan matansu. Maganin wannan shi ne mutum ɗaya fuloti ɗaya, a yi ƙuri'a a bainar jama'a, a lilliƙa sunayen waɗanda suka dace a sakatariyar Kujama, a kuma hana sayarwa sai bayan an yi gini an zauna na wasu shekaru.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne zaman tare. Tun rikicin 2000 da na 2002 mazauna Kaduna suka rarrabu, Musulmi suka fi karkata arewacin kogi, Kirista suka fi karkata kudu. Kasuwan Magani da ke gaba da Kujama kaɗan ta ga nata tashin hankalin a 2018, ƙauyukan Chikun kuwa sun sha wahalar 'yan bindiga. Dillalin fili ba zai gyara wannan ba, domin shi inda kowa ya ga nasa can yake kai shi. Hukuma ce kaɗai za ta iya kafa unguwar da malamin makaranta daga Kafancan da direba daga Zariya za su yi katanga ɗaya, 'ya'yansu su shiga aji ɗaya, tare da tsaron da zai sa kowannensu ya yi barci. In kuwa aka bar abin ga kasuwa, to birnin zai ci gaba da girma a rabe.

Mu kuma mazauna Kudu da namu aikin. Da yawa daga cikinmu sun aika da gumin shekaru gida, aka saya musu filin da aka riga aka sayar wa mutum uku, ko wanda ke kan hanyar da za a fasa. Kada wanda ya biya kuɗin fili sai an bincika masa a KADGIS. Ƙungiyoyinmu na Sabo da Agege da Idi-Araba da Shagamu, da sarakunan Hausawa, da ƙungiyoyin ci gaban garuruwan kudancin Kaduna, su daina tsayawa kan gudummawar biki da jana'iza kaɗai. Su yi rajista a matsayin ƙungiyoyin gama kai na gidaje, su shigar da 'yan kasuwa da direbobi cikin Asusun Gidaje, tun da doka ta yarda mai sana'ar kansa ya shiga. Su kuma rubuta wa gwamna da wakilan Chikun a majalisa da murya ɗaya, su nemi a buɗe wurin yin rajistar fuloti a Ikko, don kada nisa ya hana mutum rabonsa a jiharsa.

Kowace damina ta wuce, gonakin da ke bakin hanyar Kaciya suna raguwa, bulo yana ƙaruwa. Abin da za a yi yau da igiyar safiyo da ɗan kuɗi kaɗan, nan gaba sai da rusau da diyya da hawaye. Muna kira ga hukuma ta isa Kujama kafin birni ya riga ta. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace a kan kari, Ya kuma mai da kowane matafiyi gida, gidan da yake nasa.