Wasa Farin Girki: Darajar Raha a Shagon Kafinta

Ya kai mai karatu, idan aka ambaci Kasuwar Shanu ta Maiduguri, abin da zai fara faɗo maka a rai shi ne ƙura da ƙahoni da hayaniyar dillalai. Da gaskiyarka. Nan ne Fulani da Larabawan Shuwa suke kawo dabbobi daga karkarar Barno, wasu ma daga Chadi da Kamaru da Nijar, a loda su cikin manyan motoci zuwa Legas da sauran biranen Kudu. Amma babbar kasuwa ba ta zama ita kaɗai. Duk inda kuɗi yake juyawa, masu sana'ar hannu sukan kafa rumfunansu a gefe: maƙera da dukawa da teloli da kafintoci. A kan kafintocin nan nake so mu tattauna. Gadaje da kujerun da suke jerawa a bakin titi kowa yana ganinsu. Abin da mai saye bai cika gani ba shi ne rayuwar da ake yi can cikin rumfa.

Ka leƙa irin wannan shago da hantsi. Za ka tarar da maigida da yaransa uku ko huɗu, ga zarto da guduma da ƙusoshi, ga garin katako ya rufe ƙasa, ga rediyo a rataye yana ta magana ba mai saurarensa. Za ka kuma ji dariya. Kusan kowane yaro yana da laƙabin da aka raɗa masa saboda wani abu da ya taɓa yi. Wanda ya cika lanƙwasa ƙusa yana da nasa, wanda ya cika son shayi yana da nasa. Baƙo yakan ɗauka shiririta ce kawai, har ya ce a ransa: "Waɗannan ba su san darajar lokaci ba." Ni kuwa ra'ayina shi ne, wannan raha tana cikin kayan aikin kafinta, kamar yadda zarto yake cikinsu. Ga dalilaina.

Dalili na farko ya shafi koyo. Ka ƙaddara yaro ya haɗa kujerarsa ta farko, sai ƙafa ɗaya ta gaza sauran tsawo. Maigida ya zo ya zauna a kai, kujera ta kama rawa. Sai ya dubi yaron ya ce: "Ɗana, kujera na sa ka ko doki? Ni fa ban shirya sukuwa ba yau." Shago ya kaure da dariya, har da shi yaron. Maigida ya miƙa masa abin awo ya ce: "Auna su huɗun, ka gaya mini wadda ta ci amanar 'yan'uwanta." Yaro ya amsa: "To, Maigida." Ya auna, ya gano kuskurensa da kansa, kuma da wuya ya sake mantawa da shi.

Yanzu ka ƙaddara wani maigidan ne, wanda ba ya gyara sai da zagi da mari. Me kake tsammani yaronsa zai koya? Zai koyi ɓoye kuskure. Idan katako ya tsage, sai ya cusa gam da garin katako a wurin, ya goge da samfefa, ya shafa fenti, maigida bai gani ba. Bayan wata uku gado ya karye a ɗakin amarya, sunan shago ya ɓaci. Kuskuren da aka yi wa dariya a cikin rumfa asararsa guntun katako ne. Wanda aka ɓoye saboda tsoro kuwa, asararsa amana ce, ita kuma amana ba a sayo ta a kasuwar katako ta hanyar Baga. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowane kafinta ya san cewa tanƙwarawa da ƙarfin tuwo karya icce take yi.

Dalili na biyu ya shafi ƙirƙira. A kowane shago akwai tulin guntayen katako da suka rage bayan an yanka. Idan aiki ya lafa, yara sukan ɗebe su su yi wasa: wannan ya haɗa ƙaramin gado kamar tafin hannu, wancan ya yi mota mai ƙafa huɗu, wani ya gwada tebur mai naɗewa. Yawancin abin da suke haɗawa ba shi da amfani, amma a nan hannu yake sabawa da sabuwar dabara ba tare da an ɓata falanki mai tsada ba. Katakon aiki irin su afara da loko daga dazuzzukan Kudu ake kawo shi, tafiyar ɗaruruwan kilomita, saboda haka babu maigidan da zai ba almajirin sana'a sabon falanki ya yi gwaji da shi. Guntaye su ne allon yaro. Kakanninmu sun daɗe da gane wannan, shi ya sa suka ce wasa farin girki, wato yarinyar da take tuƙa tuwon ƙasa a gwangwani ita ce gobe za ta tuƙa na gaske.

Kada ka ɗauka wannan magana ta tsaya a ƙasarmu. A garin Billund na ƙasar Danmak an yi wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen. Da tattalin arzikin duniya ya karye, masu sayen kayansa suka yi ƙaranci, sai a shekarar 1932 ya koma yin kayan wasan yara da katako. A 1934 ya raɗa wa kamfaninsa suna LEGO, daga kalmomi biyu na harshensu masu nufin a yi wasa da kyau. Yau sunan nan ya zagaye duniya. Haka kuma a birnin Los Angeles na Amurka, wani miji da matarsa, Charles da Ray Eames, sun fara gwajin lanƙwasa siraran katako a cikin ɗakin da suke haya a 1941. Na'urar da suka yi amfani da ita su suka harhaɗa ta da tarkace, har da famfon keke, suka kuma sa mata sunan wasa irin kalmar da masu dabo suke furtawa. Daga wannan gwaji aka samu kujerun da har yau ake ajiye da su a gidajen tarihi, ake kuma koyar da fasalinsu a makarantu. Ba na cewa kowane yaron shago zai zama irinsu. Abin da nake cewa shi ne, shagon da ya hana gwaji ya yanke wa kansa hukuncin kwaikwayon hoton kayan China da Turkiyya har abada, alhali mai kwaikwayo kullum a baya yake tafiya.

Dalili na uku ya shafi ciniki, kuma a nan ne Kasuwar Shanu take da abin koyarwa na musamman. Ka san a al'adarmu akwai wasan barkwanci tsakanin wasu al'ummu: Kanawa da Zazzagawa, Gobirawa da Yarabawa, Katsinawa da Nufawa, sai kuma Barebari da Fulani. Abokan wasa sukan zolayi juna, kowa yana cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa, ba kuma mai yin fushi. To, Maiduguri garin Barebari ne, Kasuwar Shanu kuwa matattarar Fulani. A al'adance iyayen amarya ne suke yi mata kayan ɗaki, don haka ba abin mamaki ba ne makiyayi ya sayar da sa, ya nufi shagon kafinta da kuɗin a aljihu.

Saurari yadda cinikin yakan kasance. Kafinta ya hango shi ya ce: "Maraba da yarona! Yau ka tuna da ubangidanka?" Bafulatani ya ce: "Kai dai Babarbare, rage mini kuɗin gadon nan, ka san albarkacin nonon shanuna ka girma." Ana dariya, ana jan magana. Kafin a ƙare, kafinta ya san abubuwan da mai kunya ba zai faɗa kai tsaye ba: nawa ne a hannun mutumin, yaya faɗin ɗakin, yaya girman ƙofarsa, kuma a mota za a kai kayan ko a amalanke. Da wannan sani ne zai ba da shawarar a yi gado mai kwancewa, wanda ake ɗaure shi da noti a warware shi idan za a tashi. Ka ga raha ta buɗe ƙofar da tambaya ba ta iya buɗewa ba. Shimfiɗar fuska, in ji masu iya magana, ta fi shimfiɗar tabarma.

Akwai dalili na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi. Tun daga shekarar 2009 Maiduguri ta sha wahalar rikici, mutane masu ɗimbin yawa suka baro garuruwansu suka fake a cikinta. Cikin yaran da suke koyon sana'a a yau akwai marayu, akwai kuma waɗanda suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Sannan a ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni da yawa na birnin. Kayan ɗaki suna cikin abin da aka yi asara, musamman waɗanda aka yi da matsattsen garin katako, domin shi da ya sha ruwa sai ya kumbura ya ruguje. Garin da ya ga irin wannan yana bukatar kafintoci masu tunani, waɗanda za su iya gyara abin da ya lalace, su kuma tambayi kansu wane katako da wane fasali ya dace da wurin. Yana kuma bukatar wuraren da yaro zai ji cewa yana da gida. Yaron da ya yi dariya tare da maigidansa da safe, da wuya ya gudu daga sana'a da yamma.

Sai dai adalci ne mu saurari masu suka, domin suna da hujja. Sukan ce shagon kafinta wuri ne mai haɗari. Gaskiya ne. Injin yanka katako ba ya sanin wasa, kuma ɗan yatsan da ya guntule ba ya tsirowa. Sukan kuma ce yawan hira ne yake sa kafinta ya yi alƙawarin mako biyu ya cika a wata biyu, har ranar kai amarya ta zo gado bai haɗu ba. Wannan ma yana faruwa. Na uku, sukan ce zolaya takan rikiɗe ta zama wulaƙanci, musamman idan manya suka taru a kan ƙaramin yaro ɗaya.

Amsata ita ce, duk waɗannan matsaloli na rashin iyaka ne, kuma maigida nagari shi ne mai sa iyaka. Idan an kunna inji, baki ya yi shiru, ido ya koma kan aiki. Idan an kashe, a ci gaba da hira. Idan an karɓi kuɗin mutum, a rubuta ranar da aka yi masa alƙawari a jikin bango inda kowa zai gani. Game da zolaya kuwa, ma'aunin mai sauƙi ne: a yi wa aikin dariya, kada a yi wa halittar yaro ko talaucin iyayensa ko harshensa. Idan wanda ake zolaya yana dariya tare da jama'a, wasa ne. Idan ya sunkuyar da kai yana haɗiye hawaye, an wuce gona da iri. Har wasan Barebari da Fulani yana da ladubbansa, shi ya sa ya daɗe bai zama faɗa ba.

Saboda haka, ya kai mai karatu, wataƙila wata rana za ka nemi inda za ka koyi sana'a, ko ka kai ƙanenka, ko ka je sayen kujera. Ka duba kyawun kayan da aka jera a waje, amma ka ɗan tsaya ka kasa kunne. Idan ka ji yaro ya ɗago katako ya ce, "Maigida, na ɓata wannan," ba tare da muryarsa tana rawa ba, to ka samu shagon da za ka amince da shi. Wannan darasi ya shafe ka ko a ajin da kake zaune. Kai ma almajirin sana'a ne, sana'arka ita ce harshen Hausa. Za ka ja wasalin da bai kamata ba, za ka kira namiji da lamirin mace, abokanka su yi dariya. Ka yi tare da su, ka gyara, ka sake gwadawa, domin da koyo akan iya.

Tambayoyi

1. Waɗanne dalilai huɗu marubucin ya kawo don nuna amfanin raha a shagon kafinta?
2. Me ya sa yaron da ake koya wa aiki da zagi da mari yakan ɓoye kuskurensa?
3. Bayyana ma'anar karin maganar nan: "Wasa farin girki."
4. Kawo misalai biyu na al'ummun da suke wasan barkwanci da juna. Akwai irin wannan wasa a al'adarku?
5. Wane ma'auni marubucin ya bayar don bambanta wasa da wulaƙanci? Ka yarda da shi? Kawo hujjarka.