Manhajar sa ido da ta dace da Malanville

Duk mai kula da kwamfutocin ofishin fiton kaya a Malanville, bakin gadar da ta haɗa Benin da Gaya ta Nijar, ya san ciwon kansa guda biyu ne: wutar kamfanin lantarki na SBEE da katsewar intanet. Daga nan ya kamata zaɓen manhajar sa ido kan na'urori ya faro. Datadog kyakkyawa ce, amma allonta yana can a intanet, kuɗinta kuma da dala ake biya. Ranar da layin MTN ko Moov ya yanke, kana zaune a ofis ba ka ganin komai. PRTG ta Jamusawa kyauta ce har ma'auni 100, sai dai tana bukatar Windows. Ni dai Zabbix nake zaɓa wa irin wannan gari. Kyauta ce, a cikin ofis take zaune, kuma idan aka haɗa mata modem mai layin waya za ta turo saƙon tes. Aibinta wahalar saitawa, ga Kwatano fiye da kilomita 700, ba a kiran injiniya ya iso da la'asar. Saboda haka a fara koya wa yaron ofis Linux, wanda a kansa Zabbix take aiki, kafin a girka ta.