Tiyar Wurma da Kumbon Mars

Manomin Wurma da ya kai dawarsa kasuwar Kurfi ko ta Dutsin-Ma ba ya yanke ciniki sai ya ga kwanon awon da idonsa. Ya san sunan tiya ɗaya ne a ko'ina, amma cikinta kan bambanta. Wannan hattara ta ɗan kasuwa ita ce abin da kwamfutocin masana'antar jiragen sama suka rasa, domin na'ura takan karɓi adadi ba tare da ta tambayi kwanon da aka auna shi da shi ba.

A ranar 23 ga Satumban 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter. Manhajar kamfanin Lockheed Martin tana lissafa ƙarfin tunkuɗar injin da ma'aunin fam, ita kuwa manhajar masu jan ragamar kumbon tana ɗaukar adadin a matsayin ma'aunin niyuton. Bambancin ya ninka sau 4.45. Kumbon ya kusanci duniyar Mars fiye da kima, aka daina jin ɗuriyarsa. Kowace manhaja ta yi lissafinta daidai. Ma'anar adadin ce ta ɓace a tsakaninsu.

Tun kafin nan, a Yulin 1983, man wani Boeing 767 na Air Canada ya ƙare a sararin sama saboda an lissafa shi da fam maimakon kilo. Gwanintar matuƙa ce ta sauke shi a Gimli ba tare da an rasa rai ba.

Matsalar ta wuce ma'auni. Idan rajista ta ce jirgi ya tashi ƙarfe tara, lokacin da ya bar wurin lodi ake nufi, ko lokacin da tayoyinsa suka rabu da ƙasa? Agogon Nijeriya ne, ko agogon duniya na UTC da yake bayansa da awa ɗaya? Shekarun ɓangaren inji kuma, da awannin tafiya ake ƙirga su, ko da yawan tashi da sauka?

Jirgin alhazan da zai tashi daga filin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina ya dogara da bayanan NiMet kan yanayi, da na NAMA kan hanyoyin sama, da na FAAN kan fili, da kuma na kamfanin jirgin da masu gyaransa. Masu ganin sayen sababbin kwamfutoci ya wadatar sun manta cewa na'ura mai sauri kuskure ma da sauri take yaɗa shi.

Abin da ya kamaci hukumar NCAA shi ne ta tilasta ƙamus guda na bayanai, bisa ƙa'idojin hukumar jiragen sama ta duniya ICAO, wanda zai fayyace ma'anar kowane adadi da ma'auninsa da agogonsa kafin a haɗa kowace manhaja da wata. Kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya kuma ta sa shi cikin darussan injiniyoyi. Wanda aka tauye wa tiya a kasuwa zai dawo mako mai zuwa ya nemi haƙƙinsa. Fasinjan da yake sama ba shi da wannan damar.