Yini Ɗaya a Birnin Kano

Gammo gari ne na manoma a ƙasar Kabo, yamma da birnin Kano, ba nisa da Gwarzo. Idan kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, waɗansu magidanta sukan ɗauki 'ya'yansu su tafi Kano yawon buɗe ido. Sukan yi sammako, su yini suna kallon gari, su ci abincin birni, kafin magariba sun kamo hanyar gida. Waɗansu kuwa suna ganin wannan ɓarnar kuɗi ce kawai. Sukan ce, wanda ba ciniki zai yi ba, ba asibiti za shi ba, ba kuma gaisuwar mutuwa ba, me zai kai shi birni?

Maganar waɗannan dattawa ba ta banza ba ce. Kuɗin mota yana da yawa, kuma da gumi aka samo shi. Birni yana da cunkoso da haɗarin motoci. Abin da ya fi damunsu shi ne, sun sha ganin yaron da ya leƙa birni sau ɗaya, ya komo ya raina fartanya, ya raina tuwon gidansu, bai sake zama lafiya ba sai da ya gudu can, ya bar tsohonsa da gona. Duk da haka, hana yaro ganin birni ba shi ne magani ba, domin ko an hana shi yau, gobe zai tafi da kansa, ba mai yi masa jagora. Abin da ya fi shi ne babba ya kai shi, ya nuna masa abin da ya kamata ya gani. Yini ɗaya a Kano makaranta ce babba ga yaron da ya tafi da idonsa da kunnensa. Wanda ya tafi da cikinsa kaɗai, shi ne ya yi asarar kuɗin mota.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ɗan makaranta yana jin labarin Kano a aji, amma sunaye da shekaru sukan shige ta wannan kunne su fita ta wancan. In ya taka wurin da ƙafarsa, da wuya ya manta. Karatun kuwa tun daga hanya yake farawa. Wanda ya biyo hanyar Gwarzo zai wuce Rimin Gado da Janguza, sa'an nan ya ga sabuwar harabar Jami'ar Bayero, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Ya kamata a nuna wa yaro ita, a gaya masa cewa waɗanda ke karatu a ciki, da yawansu 'ya'yan manoma ne, kuma daga aji ɗaya na firamare suka faro kamarsa. Gaba kaɗan sai Kabuga. Ta Ƙofar Kabuga sojojin Turawan Ingila suka shiga Kano a 1903, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Ashe mutumin Gammo, duk ranar da ya shiga birni, ta wurin da aka yi babban al'amari yake bi, ko ya sani ko bai sani ba.

Daga nan sai ganuwa, wadda ake kuma kira badala. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta, shi kuwa ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134. Sarakunan da suka biyo baya suka yi ta faɗaɗa ta. Ba da injin aka gina ta ba. Mutane ne suka haƙa ƙasa, suka kwaɓa, suka ɗauka a ka, shekara da shekaru, don su tsare kansu da dabbobinsu daga mahara. Yau ruwan sama ya zaizaye wani sashi nata, mutane kuma sun rushe wani sashi sun yi gine-gine a wurin. Wannan ma dalili ne na a gaggauta kai yara su ga abin da ya rage.

Wurin da ya fi dacewa a fara tsayawa shi ne Dutsen Dala, tun da safe kafin rana ta yi zafi. An yi masa matakala, yaro mai lafiya zai iya hawa ba wuya. A gindin wannan dutse mutanen farko suka zauna, suna farauta, suna narkar da tama suna ƙira. A nan Barbushe ya yi zamani, tun kafin Musulunci ya iso ƙasar. Bayansa aka yi Bagauda, wanda ake lissafa shi sarkin Kano na farko, a shekarar 999. Wanda ya hau kan Dala zai hangi Goron Dutse, da hasumiyoyin babban masallacin Juma'a, da gidaje iyakar ganinsa. A nan yaro zai gane abin da ya sa ake yi wa Kano kirari da tumbin giwa. Zai kuma gane wani abu da ya fi wannan amfani, watau wannan babban birni da 'yan bukkoki ya fara, ƙanƙane da bai kai Gammo ba. Aiki da sana'a da zaman lafiya su suka girmar da shi.

In an sauko sai a nufi Kasuwar Kurmi. Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa ta, shi da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma shi ya gina gidan sarki, wanda har yanzu ake kira Gidan Rumfa. A zamanin da, ayarin raƙuma yakan ƙetaro hamada ya kawo gishiri da hajar Larabawa, fatake kuma su kawo goro daga Gwanja, su sayi tufafi da fatu. A 1851 wani Bajamushe matafiyi mai suna Heinrich Barth ya zo Kano, ya rubuta labarin kasuwar da yadda ake kai tufafin Kano ƙasashe masu nisa. Har yanzu a lungunan Kurmi akwai dukawa da masu ɗinkin hula da masu sayar da kayan doki. Yaro ya tsaya ya dubi hannun baduku yadda yake yanka fata yana ɗinkawa. In ya yi gaisuwa da ladabi ya yi tambaya, da wuya a ƙi ba shi amsa.

Haka kuma marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce tun 1498 ake rini a cikinta. Marina suna haɗa baba da toka da kanwa a cikin rijiyoyin rini, su bar su kwanaki har su nuna. Sa'an nan su riƙa tsoma zane suna fitarwa. Abin mamaki, in aka fito da zanen sai a gan shi kore-kore, amma da iska ta buge shi sai ya koma shuɗi. Wannan ilimin kimiyya ne tsantsa, ga shi a hannun mutanen da suka gaje shi kaka da kakanni. Yawancin rijiyoyin yanzu ba a aiki da su, gama atamfar kanti ta rage wa marina ciniki.

Kusa da gidan sarki akwai Gidan Makama, tsohon gini ne da aka mayar gidan adana kayan tarihi. A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi na zamanin da, da hotunan sarakuna. Ba nisa kuma ga babban masallaci, wanda aka sake gina shi a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka gama a 1951. A nan ya kamata matafiya su yi azahar. In da sauran lokaci da guzuri, sai a ƙarasa gidan namun daji da ke hanyar Zoo, wanda aka kafa zamanin Gwamna Audu Baƙo, shi da ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. A can yaro zai ga dabbobin da sai a tatsuniya yake jin sunansu.

To, sai maganar abinci, wadda ita ce yara suka fi ɗoki. Ba laifi ba ne mutum ya ɗanɗana abin da ba ya samu kullum a gida. Kano ta yi suna wajen gurasa, musamman unguwar Jakara. Da garin alkama ake yin ta, a gasa a tanderu. In aka yayyafa mata ruwa, aka barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, aka zuba man gyaɗa da albasa, ita ce ake kira bandashe. Akwai kilishi, wanda ake yanka nama fale-fale a shanya, a tsoma shi cikin labu, a sake shanyawa, sa'an nan a gasa. Akwai tsire da balangu, da waina da alkubus da funkaso, da alkaki da nakiya, da fura da nono mai sanyi.

Amma yaro mai hankali, kafin ya kai loma baki, sai ya tambayi kansa daga ina wannan abinci ya fito. Ba a noma alkama a Jakara. Ba a shuka gyaɗa a kan kwalta. Geron fura daga gona ya zo, nonon daga ruga, saniyar da aka yi kilishi da ita kuwa wani ne ya yi kiwonta a ƙauye. Wanda ya je kasuwar hatsi ta Dawanau, a hanyar Katsina, zai ga manyan motoci suna sauke dawa da masara da wake da riɗi, waɗansu kuma suna lodi zuwa kudancin Nijeriya da Nijar da wasu ƙasashe. Kowane buhu a wurin, manomi ne irin na Gammo ya sha rana a kansa. Ko ruwan famfon birni, wani sashi nasa daga Kogin Challawa ake ɗebo shi, kogin da aka yi wa babbar madatsa a ƙasar Ƙaraye, maƙwabciyar Kabo. Yaron da ya fahimci wannan ba zai komo gida yana raina fartanya ba, domin ya ga da idonsa cewa birni ba ya ƙoshi sai ƙauye ya yi noma. Wannan ita ce amsar tsoron da dattawa suke ji.

Sai dai akwai ƙa'idodi, gama kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Kada yaro ya ci abincin da aka bari a buɗe ƙudaje suna bi, ko wanda ya kwana ya canza wari. Ya zaɓi mai zafi, wanda aka dafa ko aka gasa a gabansa. Ya wanke hannunsa da sabulu kafin ya ci, kada kuma ya sha ruwan da bai san asalinsa ba, domin ta haka ake kamuwa da amai da gudawa. Kada ya haɗa abinci iri biyar a ciki ɗaya don wai ya zo birni. Kada ya cinye guzurinsa duka, ya manta da tsarabar ƙannensa da kuɗin motar komawa.

Baƙo makaho ne ko da yana da ido. Saboda haka yaro ya riƙe hannun babbansa a kasuwa da wajen ƙetare titi, ya duba dama da hagu saboda motoci da A Daidaita Sahu. Ya haddace sunan mahaifinsa da sunan garinsu da lambar wayar wanda ya kawo shi. In ya ɓace, kada ya yi ta gudu yana kuka. Ya tsaya wurin wani dattijo mai shago, ko ɗan sanda, ya faɗi abin da ya faru, gama matambayi ba ya ɓata. Kada kuma ya bi wanda bai sani ba don an nuna masa alewa ko kuɗi.

A ce yara biyu sun tafi Kano rana ɗaya, a mota ɗaya. Da suka komo aka tambayi na farko abin da ya gani, sai ya ce ya ga motoci da yawa, ya kuma ci tsire. Aka tambayi na biyu, sai ya fito da ɗan littafinsa, ya karanta sunayen ƙofofin da ya wuce, ya faɗi yadda ake rina zane, ya zana Dala a allo, ya ce ya ga irin waken gonarsu ana aunawa a kasuwa. Kuɗin mota ɗaya suka biya. Na farko tsirensa ya narke tun a hanya. Na biyu kuwa ajinsu duka ya ƙaru da tafiyarsa, har waɗanda iyayensu ba su da halin kai su.

Don haka ya kamata iyaye da malaman makarantun Gammo da Kabo da Gwarzo su ɗauki wannan tafiya da muhimmanci. In uba ɗaya ba zai iya ba, iyaye su haɗa kuɗi bayan kaka, a ɗauki mota ɗaya, malamai biyu ko uku su raka yaran aji biyar da shida. Kafin a tashi, malami ya ba su labarin wuraren da za a je. Kowane yaro ya riƙe fensir da takarda. In an komo, kowa ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ci, da inda aka noma shi. Tafiya mabuɗin ilimi ce, in ji masu iya magana, kuma Kano ba ta fi ƙarfin tafiyar yini ɗaya daga Gammo ba.