Ƙafar Mai Ciwon Sukari Ba Ta Son Wuta

Duk wanda ya taɓa yin hunturu a Gangare, cikin garin Jos, ya san yadda dattawa ke kewaye kaskon wuta bayan sallar asuba, kowa ya miƙe ƙafa yana jin ɗumi. Ga mai lafiya wannan ba komai ba ne. Amma ga mai ciwon sukari, kaskon nan yana iya zama sanadin rasa ƙafa.

Dalili kuwa shi ne, idan sukari ya daɗe da yawa a jini, yakan lalata jijiyoyin da ke kai saƙon ji daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa. Da farko mutum yakan ji kamar ana tsira masa allura, ko tafin ƙafa na raɗaɗi da dare. Daga baya ƙafar ta dushe, har ya taka ƙusa ko ya ƙone bai sani ba. Likitoci sun ce kusan rabin masu ciwon sukari sukan gamu da wannan. Ƙaramin rauni ya zama gyambo, gyambo ya kai ga yanke ƙafa.

Akwai taimako a sashen da Hausawa ke kira na gashin ƙashi, amma sunan yana ruɗin jama'a. Da an ce gashi, sai a dafa ruwa a gida a tsoma ƙafar maras lafiya, alhali ba ya iya gane zafin da zai sale masa fata. Aikin ma'aikatan sashen ya sha bamban da haka. Sukan gwada ji da wani siririn zare a tafin ƙafa, sa'an nan su koya wa mutum motsa yatsu da idon sawu, da tashi daga kujera ba dafawa, da tsayuwa da ƙafa ɗaya yana riƙe da bango, don ƙafa ta yi ƙarfi, faɗuwa ta ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na minti 150 a mako, watau tafiyar rabin awa kwana biyar. Mai gyambo kuwa sai ya jira izinin likita.

Wannan ba ya mayar da jijiyar da ta mutu, kuma ba ya maye gurbin magani da kiyaye abinci. Amma yana tsare abin da ya rage.

Aikin ba baƙo ba ne. An fara shi a asibitin Igbobi na Legas a 1945, Jami'ar Ibadan ta soma koyar da digirinsa a 1966, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana da sashensa.

Saboda haka ya kamata 'yan Arewa mazauna Agege da Mile 12 da Sabon Ibadan, masu aika kuɗi gida, su sake tunani. Maimakon jarkar jiƙo, gara a aika da takalmi mai rufi, mai laushi, da safa, da kuɗin motar zuwa asibiti. A kuma roƙi tsoho ya duba ƙafarsa a kowace alwala, ya tsane tsakanin yatsu, ya kakkaɓe takalmi kafin ya sa. Su kansu masu wuni tsaye a kasuwa su je a auna jininsu.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.