Uwargida, Ina Ribar Sana'arki Take Zuwa?

 A wannan mako ina so mu tattauna a kan wani abu da ke damun masu sana'a da yawa a cikinmu. Za ki ga mace ta tashi tun asuba, ba ta zauna ba har dare, kayanta kuma kullum sai sun ƙare, amma bayan wata shida sai ki ji an ce jarinta ya karye. In kin tambaye ta sai ta ce kasuwa ce ta lalace, ko kuwa baki ne ya kama ta. Ni kuwa a ganina, sau da yawa abin da ke cin jarin nan shi ne rashin lissafi da rashin tsarin aiki.

Kada ki raina sana'ar cikin gida. Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta ga yadda matan aure ke cinikin hatsi da man gyaɗa da dafaffen abinci daga cikin gidajensu, yara suna kai da kawowa. A 1969 ta yi rubutu a kan wannan ɓoyayyar kasuwa. Har gobe kasuwar nan tana ci, kuma da ita ake rufa asirin gidaje masu yawa. Sai dai tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na niƙa da na kayan masarufi suka yi sama. Saboda haka sakacin da jari ke iya ɗauka a da, yanzu ba zai iya ba.

Mu ɗauki misali da mai ƙosai. A ce ta sayi wake na naira 4,000, mai na 3,000, attaruhu da albasa da gishiri na 800, itace na 700, ta biya 500 kuɗin markaɗe. Jarinta ya kama 9,000 ke nan. In an sayar da ƙosan duka zai kawo 10,500, watau ribarta 1,500. To, amma yara da baƙi sun ci na 600, maƙwabciya ta karɓi na 500 bashi, sa'an nan an zari 1,000 a gwangwani an cika cefane. Abin da ya rage 8,400 ne. Ita dai ta ga kuɗi a hannu, ranta ya yi fari, ba ta san ta ci 600 daga cikin uwar kuɗi ba. In aka ci gaba a haka, kafin mako uku sai dai a kife kasko.

Maganin wannan ba shi da tsada. Ki sami gwangwani biyu, ɗaya na jari, ɗaya na riba. Da an gama ciniki ki fara cika na jari, abin da ya yi saura shi ne naki, daga nan ne za a yi kyauta, a yi zubin adashe, a taimaka da cefane. Sa'an nan ki sayi ƙaramin littafi, kowace rana ki rubuta abu uku: abin da kika kashe, abin da ya shigo, da wanda ya karɓi bashi. In masu saye suna turo miki kuɗi ta waya, shi ma ki rubuta shi, kuma kada ki saki kaya sai kin ga kuɗin ya shiga asusunki da idonki.

Na san wata za ta ce ai kunya ba za ta bar ta ta rubuta wa 'yar'uwarta bashi ba, balle maigida. Ki tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana. Rubutu yana tsare zumunci, domin gardamar nawa na karɓa, nawa na biya, ita ce ke raba 'yan'uwa. In maigida ya ranta don cefane, ki ba shi da fara'a, ki rubuta a gabansa cikin ladabi. Namiji mai hankali ya san cewa in jarin nan ya mutu, nauyin a kansa zai dawo.

Abu na biyu shi ne tsarin aikin kansa. A ƙasar Japan an yi wani injiniya a kamfanin motoci na Toyota, sunansa Taiichi Ohno, wanda littafinsa ya fito a 1978. Ya lissafa hanyoyi bakwai da ake ɓarna a wurin aiki. Daga cikinsu akwai zaman jira, da kai da kawowa marar dalili, da yin kaya fiye da abin da ake bukata, da aikin da ya ɓaci sai an sake. Duba da kyau, duk waɗannan suna nan a madafinmu.

Mai ƙosai da ke surfa wake kowace asuba, sa'an nan ta aiki yarinya ta bi layin inji, zaman jira ya cinye mata lokacin da masu saye suka fi yawa. In ta kai waken mako guda aka ɓarza, ta sheƙe ta adana, da safe sai jiƙo da markaɗe kawai. Mai man gyaɗa ta ware ranar suya da murza, ta ware ranar matsa da toya ƙuli-ƙuli, maimakon ta hura wuta sau uku don mudu biyu. Mai fura ta lura da yawan da take sayarwa a ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, don kada ta riƙa kwana da kwantai.

Ke kuma mai ɗinki, almakashi da alli da zare da tef ɗin awo su zauna wuri ɗaya kusa da keke, don kada ki ɓata rabin safiya kina cigiya. Ki rubuta awon kowace mace da ranar da kika yi mata alkawari. In kin san kala biyu kike gamawa a rana, kuma saura kwana 20 salla, to kala 40 ne iyakarki. Abin da ya haura wannan ki ba mai shi haƙuri tun da wuri. Ba a tauna taura biyu. Wadda kika ba haƙuri za ta dawo wata rana, amma wadda ta yi salla da tsohon zane saboda ke, ta tafi ke nan, kuma sai ta gaya wa unguwa.

'Yan'uwana ma'aikata, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da na ofis, ku ma maganar ta shafe ku, domin aiki biyu ne a kanku. Kafin ki kwanta ki rubuta abu uku da suka fi muhimmanci gobe, ki fara da mai wuyar tun hankalinki yana kwance. Kayan makarantar yara da na karin kumallo a haɗa su tun dare. Takardar da kika gama da ita ta koma fayil ɗinta nan take. Waya kuma ki yanka mata lokaci, don hirar WhatsApp ba ta da ranar ƙarewa.

Saura ku 'yan makaranta. Uwar da ba ta iya boko ba tana iya rubutawa da ajami, ko ta ja layi-layi, amma in ga ki a gida, wannan aikinki ne. Tarawa da ɗebewar da ake koya miki a aji su ne za ki yi wa Inna da su kowace yamma, minti goma ya isa. Iyaye mata kuma ku duba: 600 ɗin nan da ke zurarewa kullum, in 'yarki ta toshe ta da alƙalami, ta fi miki amfani da a ce kin hana ta aji kin ɗora mata farantin talla ta yini a tasha.

Gaskiya ne arziki na Allah ne, kuma tsadar kaya ba laifinmu ba ce. Amma abin da ke hannunmu mu gyara shi. Ki gwada littafi da gwangwani biyu na kwana 30, a ƙarshe ki zauna ki duba wace sana'a ce ke kawo riba, wace ce gajiya kawai take bar miki. Wadda ta gwada ta rubuto wa wannan fili ta gaya mana abin da ta gani, don wasu su ƙaru. Allah ya sa albarka a neman kowa, amin. Sai mako mai zuwa.