Katin Bankin Mamaci: Gargaɗi Ga Masu Karɓar Fanshon Wanda Ke Kabari

Godiya ta tabbata ga Allah Mai rayawa Mai kashewa, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa da muke sallah tare a nan Dakoro, da ku da ke karanta mu daga Kornaka, Birnin Lalle da sauran garuruwa: akwai wata ɓarna da ta shigo mana tare da katin banki. An yi shiru a kanta domin masu aikata ta ƴaƴan gidan mutunci ne, wasunsu ma a sahun farko suke tsayawa. Tsohon malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti ya tsufa, ƙafa ta ƙi, sai ya miƙa wa babban ɗansa kati da lambar sirri don ya riƙa ɗauko masa fansho. Allah ya karɓi ransa, a yi jana'iza, a yi zaman makoki, a watse. Ba a sanar da ofishin magajin gari ba, banki bai ji ba, asusun fansho bai ji ba. Kuɗi suna ta shiga, ɗan yana ta cirewa. Idan aka yi masa magana sai ya ce: ai Baba ne ya ba ni katin da hannunsa.

Ya ba ka, ba mu musa ba. Amma a matsayin wakili ya ba ka, kuma duk ɗalibin da ya zauna gaban malami a babin wakilci ya san cewa wakilci yana warwarewa idan wakili ya sami labarin mutuwar wanda ya wakilta shi. Kai kuwa da hannunka ka sa shi a kabari. Daga wannan sa'a katin nan amana ce a aljihunka, kuma kowace jika da ka cire ba da izinin masu haƙƙi ba, za a tambaye ka ita.

Kuɗin da ke cikin asusun mamaci ba iri ɗaya ba ne, kuma cakuɗa su shi ne tushen fitinar. Abin da ya tara kafin rasuwarsa, da bashin fanshon da yake bi bai karɓa ba, wannan gado ne. Shaihu Halil ya jera haƙƙoƙin da ke kan dukiyar mamaci a ƙarshen Muhtasar: abin da ke rataye da wani kaya kamar jingina, sannan hidimar jana'iza daidai misali, sannan bashi, sannan wasiyya daga sulusi, sannan magada. Ku duba jerin nan, ku nuna mini inda aka ce babban ɗa ya fara ɗiba ya gyara babur ɗinsa. Ku nuna mini inda aka ce a sayi buhunan shinkafa da raguna don sadakar uku da ta arba'in daga dukiyar da marayu ƙanana ke da rabo a ciki. Lokacin da Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi (SAW) umartar mutane ya yi su dafa wa iyalan Ja'afar abinci. Mu kuwa gidan mamacin muke zama mu cinye. Aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta gaya mana abin da mai cin dukiyar maraya yake zubawa a cikinsa, kuma ba ta keɓe wanda ya ci da sunan sadaka ba.

Kashi na biyu shi ne wanda na fi jin tsoro gare ku: fanshon da aka ci gaba da zubawa da sunan mamacin bayan haƙƙinsa ya yanke. Ko CARENI ce ta ma'aikatan gwamnati, ko CNSS ce ta ma'aikatan kamfanoni, suna biyan mai ritaya ne bisa sharaɗin yana raye. Shi ya sa ake neman takardar shaidar rai. Kuɗin da ya shiga bayan an kai iyakar da doka ta yanke ba na mamaci ba ne, balle ya zama na magada. Mayar da shi ake yi.

Na san abin da ake faɗa a majalisu, har da bakin wasu masu rawani: wai kuɗin gwamnati ba shi da mai shi, manya na Yamai suna kwasa da buhu, don me talaka ba zai lasa ba? Wannan fatawar son zuciya ce. Satar babba ba ta taɓa halatta wa ƙarami sata ba. Kuma asusun fansho ba aljihun minista ba ne, kason da ake yanka daga albashin ma'aikata yana cikinsa, daga nan ake biyan tsohon da ke kwance a Sabon Mashi yana jiran kuɗin magani. Bayan yaƙin Haibara, wani mai yi wa Annabi (SAW) hidima kibiya ta same shi, mutane suka yi masa murnar shahada, sai Annabi ya sanar da su cewa mayafin da ya ɗauka daga ganima kafin a raba yana ci da wuta a kansa. Mayafi ɗaya! Ina ga wanda ya ci wata shida, ya kuma je ya samo takardar da ke cewa wanda ya binne yana nan da ransa? Wanda ya nemi takardar, da wanda ya buga mata hatimi, da wanda ya tsaya shaida, duk sun yi tarayya cikin shaidar zur, wadda Annabi ya lissafa cikin mafi girman zunubai.

Kuma wa ke biyan wannan wayon? Matar mamaci, tana ɗaki tana takaba wata huɗu da kwana goma, ba ta san abin da ake ciki ba. Doka ta tanadar wa matan mai ritaya da marayunsa wani kaso na fansho bayan rasuwarsa, amma ba a buɗe wannan ƙofa sai da takardar mutuwa. Duk watan da aka ɓoye rasuwa, an jinkirta mata haƙƙinta ne. Ranar da asiri ya tonu, asusun zai nemi a mayar da abin da aka biya bisa kuskure, kuma iyalin ne za su sha wahalar, alhali wanda ya ci ya riga ya share baki. Game da wannan kaso na mata da marayu, malamai sun yi saɓani, domin wasu na ganin tushensa albashin mamaci ne. Abin da na rinjayar shi ne na waɗanda hukuma ta ambata ne, domin mamacin bai mallake shi ba yana raye, ba ya iya sayar da shi ko ya yi wasiyya da shi. Saboda haka ɗan'uwan mamaci da ya zo ya ce a zuba shi cikin gado ya san cewa ba shi da hujja a wurina.

Ban wanke bankuna ba. Idan aka sanar da su rasuwa suna rufe asusu har sai an kawo takardar mutuwa, da takardar gado, da takardar taron dangi wadda kotu ta tabbatar, mai ɗauke da sunan wakilin magada. Rufewar nan daidai ce, kariya ce ga mai rauni. Abin da ba daidai ba shi ne a sa tsohuwa ta yi tafiyar sama da kilomita ɗari zuwa Maraɗi sau uku, kowane zuwa a ce saura takarda ɗaya, alhali ana iya rubuta mata duka a zuwan farko. Ma'aikacin da ke yin haka ya ji tsoron Allah, amana aka ba shi. Wannan wahalar ce ke sa wasu su bar asusun gaba ɗaya. To ku sani, a dokar ƙasashenmu masu amfani da sefa, asusun da ya shekara 10 ba a taɓa shi ba ana miƙa kuɗinsa ga babban banki BCEAO, idan ya cika shekara 30 ba mai nema sai ya koma baitulmali. Haƙƙin maraya yana iya salwanta ta hanyar sakaci kamar yadda yake salwanta ta hanyar ci.

Ku dattawa masu karɓar fansho, ku gaya wa matanku bankin da kuɗinku yake, ku rubuta bashin da ake bin ku da wanda kuke bi, ku sa shaidu biyu. Ku magada, ku je ofishin magajin gari tun cikin kwanakin makoki, domin idan wa'adi ya wuce sai an bi ta gaban alƙali. Ku ajiye katin a hannun amintacce har kotu ta naɗa wakili.

Wanda kuma ya riga ya ci, istigfari kaɗai bai isar masa ba, domin haƙƙin bayi ne. Ya lissafa watannin da adadin, ya mayar wa magada nasu, ya mayar wa asusun nasa ko da kaɗan-kaɗan ne. Wanda lissafin ya rikice masa ya same ni bayan sallar La'asar a zauren masallaci, ya zo da takardar bankin da ke nuna shiga da fitar kuɗi, za mu zauna mu biyu ba tare da na uku ba.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.